Yadda ake buga blackjack a teburin gidan caca

Blackjack wasan karta ne da ake karawa tsakanin mai wasa da gidan caca. Ko mutum bakwai ne zaune a teburi, kowa da dila yake yi, wato ma'aikacin da ke raba katuna, kuma abin da ke hannun na kusa da kai bai shafi kuɗinka ba. Abin da ake nema shi ne jimillar katunanka ta fi ta dila ba tare da ta haura 21 ba. Sababbin shiga da yawa suna ɗauka cewa 21 ɗin ake farauta, sai su yi ta jan kati har su ƙone, wato su haura 21, alhali mai 13 yana iya cin kuɗi idan dila ya haura, mai 20 kuma yana iya rasawa idan dila ya kai 21.

Asalin wasan daga Turai yake, Faransawa suna kiransa ashirin da ɗaya a harshensu, amma a Amurka ya yi ƙarfi, musamman bayan jihar Nevada ta halatta caca a 1931. Shi ya sa mafi yawan abin da za a faɗa a nan tsarin Amurka ne, irin na Las Vegas, sai wuri guda da Turai ta bambanta, wanda za a zo gare shi. Caca haramun ce a Musulunci, kuma laifi ce a jihohin arewacin Najeriya da ke aiki da shari'a. Ko a ƙasashen da doka ta yarda da ita akwai iyakar shekaru: 21 a Nevada, 18 a Ingila. Wannan bayani ne na yadda wasan ke tafiya, da kuma adadin kuɗin da yake ci wa mai yin sa, domin biyun ba sa rabuwa.

Lissafin katuna

Fakitin karta kati 52 ne. Daga 2 zuwa 10, kowane kati lambar da ke jikinsa ita ce ƙimarsa. Masu hoto, wato J da Q da K, duka goma-goma ne. As, katin mai harafin A, ana lissafa shi 11 ko 1, duk wanda ya fi yi wa hannun amfani. Launi ko zanen kati ba shi da wani tasiri. Ke nan a kowane fakiti akwai kati 16 masu ƙimar goma, 4 cikin kowane 13, kuma a kan wannan yawan nasu aka gina kusan dukan dabarar wasan.

Hannu iri biyu ne. Idan akwai As da ake lissafawa 11 a cikinsa, hannu ne mai laushi: As da 6 sha bakwai ce mai laushi, domin ko ka ja goma ba za ka ƙone ba, As ɗin zai koma 1 ne kawai, ka sake zama da 17. Idan babu As, ko kuwa ya riga ya koma 1, hannu ne mai tauri: 10 da 7, ko 10 da 6 da As. Lamba ɗaya ce, amma ba a buga su iri ɗaya ko kaɗan.

As da kati mai goma a rabon farko shi ne ake kira blackjack. Ya fi duk wata 21 da aka haɗa da kati uku ko fiye, kuma yana zuwa kusan sau ɗaya a cikin hannu 21.

Karanta teburi kafin ka ja kujera

Shawara mafi tsada a wannan wasa ana yanke ta ne a tsaye, kafin a taɓa kati. Dokokin teburi a rubuce suke a kan shimfiɗarsa da kuma ɗan allon da ke gefen dila, kuma tebura biyu da ke jere da juna suna iya bambanta ninki uku ko huɗu wajen abin da suke ci.

Fara da duba yadda ake biyan blackjack. Idan ka ga an rubuta 3 da 2, wanda ya zuba dala 10 zai karɓi dala 15. Idan 6 da 5 aka rubuta, dala 12 zai karɓa. Dala uku ba ta yi kama da abin tada hankali ba, amma da yake hannun yana dawowa sau uku ko huɗu a awa, wannan doka ita kaɗai tana ƙara wa gida ribar kusan dala 14 a kowace dala 1,000 da aka zuba. Mai bin dabara daidai a teburi mai kyau asararsa wajen dala 5 ce a kowace 1,000. Wato teburin 6 da 5 ya kusa ninka asarar sau huɗu, kuma babu ƙwarewar da za ta cike wannan giɓi. Irin waɗannan tebura sun cika babban titin gidajen caca na Las Vegas, musamman masu ƙaramin zubi, kuma sau da yawa akan haɗa su da fakiti ɗaya don jawo waɗanda suka taɓa jin cewa fakiti ɗaya ya fi. Gaskiya ne fakiti ɗaya ya fi takwas sauƙi ga mai wasa, da kusan dala 5 a 1,000, amma an ba ka biyar ne an karɓe sha huɗu. Duk inda ka ga 6 da 5, wuce.

Na biyu, me dila yake yi da 17 mai laushi? Dila ba shi da zaɓi a wasan nan: dole ya ja a 16 zuwa ƙasa, dole ya tsaya a 17 mai tauri zuwa sama. A wasu tebura yana tsayawa a kowace 17, a wasu kuma yana jan kati a mai laushin. Jan nasa ya fi yi wa gida daɗi da kusan dala 2 a 1,000. Sauran abubuwan tambaya ne ga dila, kuma zai amsa: ana iya ninka zubi a kowane kati biyu ko sai a 10 da 11 kawai? Ana iya ninkawa bayan an ware tagwaye, wato an mayar da kati biyu masu ƙima ɗaya hannu biyu? Ana yarda da sallamawa, wato barin rabin zubi a janye daga zagayen? Kowace "eh" tana rage wa gida ɗan abu.

Sai injin cakuɗa katuna. Akwai teburin da ake raba fakiti shida ko takwas daga cikin akwati, sai an kai ga wani katin roba mai launi da aka soka kusa da ƙarshe sannan a tsaya a cakuɗa. Akwai kuma wanda ake mayar da katunan cikin inji bayan kowane zagaye, ba a tsayawa sam. Injin bai canja dabara ba, amma ya ƙara yawan hannun da ake bugawa a awa, kuma a wasan da gida ke da rinjaye, sauri asara ce. Saboda wannan dalilin ne teburi mai cike da mutane ya fi wa mai koyo: a can za ka buga hannu 60 zuwa 70 a awa, idan kai kaɗai ne da dila kuwa kana iya haura 200.

Zama da rabon kati

Ka jira zagayen da ake ciki ya ƙare, ka zauna, ka ajiye kuɗinka a kan shimfiɗar teburi, ba cikin da'irar zubi ba. Kada ka miƙa wa dila a hannu, ba zai karɓa ba, doka ta hana shi. Zai baje kuɗin yadda kyamarar da ke sama za ta gani, ya faɗi adadin da ƙarfi don shugabansa ya ji, sannan ya turo maka sulallan gidan. A yawancin gidajen Amurka ja dala 5 ne, kore 25, baƙi 100, amma ka karanta abin da ke rubuce a jiki. Ka jera zubinka a tsibi ɗaya cikin da'irar da ke gabanka, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Da zarar kati na farko ya fito, hannunka ya bar zubin ke nan har zagaye ya ƙare. Taɓa shi bayan an fara rabo shi ne abin da ya fi saurin jawo wa mutum gargaɗi, domin ta nan ne masu maguɗi suke ƙara sulalla idan hannu ya yi kyau.

Dila yana farawa daga hagunsa, kowa kati biyu, shi ma biyu: ɗaya a buɗe, ɗaya a kife. A wasan akwati katunanka a buɗe suke zuwa, kuma ba a taɓa su. A wasan fakiti ɗaya ko biyu da dila ke riƙewa a hannu, a kife ake jefo maka su, ka ɗauka da hannu ɗaya kawai, kada ka sauke su ƙasan teburi ko ka lanƙwasa su. Idan katin dila na buɗe As ne ko goma, zai leƙa na kifen ta wani ɗan madubi da ke jikin teburi. Idan blackjack gare shi, zagaye ya ƙare nan take: kowa ya rasa zubinsa, sai mai blackjack da zai yi kunnen doki da shi. Idan babu, sai a bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya.

Da hannu ake magana a teburin nan, saboda kyamara ba ta jin murya, kuma idan gardama ta tashi hoton ake komawa. Idan kana son ƙarin kati, ka ƙwanƙwasa teburi da yatsa a bayan katunanka. Idan ka tsaya, ka kaɗa tafin hannu a kwance a samansu, daga gefe zuwa gefe. Ninkawa ita ce ka ƙara zubi daidai da na farko, ka karɓi kati ɗaya tak: ka ajiye sababbin sulallan a gefen na farko, ba a kansu ba, ka ɗaga yatsa ɗaya. Ware tagwaye, wato mayar da kati biyu masu ƙima ɗaya su zama hannu biyu, shi ma da ƙarin zubi daidai da na farko ake yin sa, sai ka nuna yatsa biyu, dila ne zai raba katunan da kansa. Sallamawa, inda aka yarda da ita, ita ce ka bar rabin zubi ka ɗauki rabi kafin ka ja komai: ka ja layi da yatsa a bayan zubin, ka kuma faɗa da baki, don kada dila ya ɗauka kati kake nema. A wasan riƙewa a hannu alamun sun ɗan bambanta: ka karce teburi da gefen katunan idan kana son ƙari, ka tura su a kife ƙarƙashin sulallanka idan ka tsaya.

Bayan kowa ya gama, dila zai buɗe nasa ya ja bisa dokarsa. Wanda ya fi shi a biya shi daidai da zubinsa, wanda ya yi daidai da shi a bar masa kuɗinsa, wanda ya gaza a kwashe.

Inda ribar gida take fitowa

Kai kake fara wasa, dila yana biye. Idan ka ƙone, an kwashe kuɗinka nan take, ko da shi ma zai ƙone bayan minti ɗaya. Wannan ita ce dukan ribar gida. Wanda yake kwaikwayon dila, ya ja har 17 a kowane hali, yana ƙonewa kusan sau 28 cikin 100, dila ma haka, don haka kusan sau 8 cikin 100 su biyun ne suka haura amma ɗaya ne ya biya. Ƙarin da ake yi a biyan blackjack yana rage wannan, sai asarar ta tsaya wajen dala 55 a 1,000. Wanda kuma ya rantse ba zai taɓa ƙonewa ba, ya tsaya a 12 kullum, yana asarar wajen 40. Abin da ke sauko da ita zuwa 5 shi ne zaɓin da dila ba shi da shi: tsayawa da wuri idan katinsa mai rauni ne, ninkawa, da warewa.

Ba da ƙiyasi aka gano wannan ba. A 1956 wasu mutum huɗu da suka yi aiki a rundunar sojan Amurka, Roger Baldwin da Wilbert Cantey da Herbert Maisel da James McDermott, suka wallafa lissafin da suka yi da injinan lissafi na kan tebur, na yadda ya fi dacewa a buga kowane hannu. Masanin lissafi Edward Thorp ya tace aikin da kwamfuta, ya fitar da littafinsa a 1962. Tun daga nan amsar kowane hannu sananniya ce.

Dabarar da lissafi ya tabbatar

Abin da ke tafe na fakiti huɗu zuwa takwas ne, inda dila yake tsayawa a kowace 17 kuma ake yarda da ninkawa bayan warewa. Kullum ka fara kallon katin dila kafin naka. Da 4 ko 5 ko 6 a buɗe, dila yana ƙonewa kusan sau 40 zuwa 42 cikin 100. Da 2 ko 3, sau 35 zuwa 37. Da 7 zuwa 10 kuwa, bai wuce kusan ɗaya cikin huɗu ba, da As ma ƙasa da haka. Ka lura ko a katinsa mafi rauni, ya fi yawan tsira a kan ƙonewa.

A hannu mai tauri, 8 zuwa ƙasa ka ja, 17 zuwa sama ka tsaya. Da 9 ka ninka idan dila yana da 3 zuwa 6. Da 10 ka ninka a kan 2 zuwa 9. Da 11 ka ninka a kan komai ban da As, idan ma teburin dila mai jan 17 mai laushi ne, har a kan As ɗin. Inda ba a ce ka ninka ba, ka ja. Ninkawa ce take dawo da mafi yawan abin da gida ya ɗauka, kuma masu tsoron ƙara kuɗi a 11 suna barin ribarsu a kan teburi. Wasu gidaje suna yarda ka ninka da ƙasa da zubinka na farko. Kada ka yi: idan hannun ya cancanci ninki, ya cancanci cikakke.

Daga 12 zuwa 16 ne ake shan wuya, domin waɗannan hannuwa na asara ne ko ta yaya aka buga su, aikin kawai a rage asarar. Da 13 zuwa 16, ka tsaya idan dila yana da 2 zuwa 6, ka ja idan yana da 7 zuwa As. Da 12 ka tsaya a kan 4 da 5 da 6 kaɗai. A kan 2 da 3 ja ake yi, saboda goma ce kawai za ta ƙona ka, 4 cikin 13, kuma dila bai yi raunin da za a zauna jiran faɗuwarsa ba. Wanda ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne 16 a kan 7. Ka ja, 8 cikin 13 na katunan za su ƙona ka, sai zuciya ta ce tsaya. Amma idan ka tsaya, ba ka da hanyar ci sai dila ya ƙone, kuma da 7 sau 26 cikin 100 kawai yake yi. A kan zubin dala 100, tsayawa tana cin kusan 48 a matsakaici, ja kuma kusan 41. Dukansu asara ce, ɗaya ta fi sauƙi. Sha shida a kan goma kuwa, ja da tsayawa sun kusa zama ɗaya, wajen 54, shi ya sa sallamawa, wadda 50 ce cif, ta fi su. Inda ake sallamawa, ka yi ta da 16 a kan 9 da 10 da As, da kuma 15 a kan 10, ka bar ta a nan.

Hannu mai laushi shi ne wanda aka fi bugawa ba daidai ba, don mutane suna ganin 17 ko 18 sai su gamsu. As da 2 ko 3, ka ninka a kan 5 da 6. As da 4 ko 5, a kan 4 zuwa 6. As da 6, a kan 3 zuwa 6. A sauran wurare ka ja, kuma kada ka taɓa tsayawa a 17 mai laushi: sha bakwai ba ta cin komai sai dila ya ƙone, ga shi kati ɗaya ba zai iya ƙona ka ba. As da 7 fuska uku gare shi: ninki a kan 3 zuwa 6, tsayawa a kan 2 da 7 da 8, ja a kan 9 da 10 da As. Jan kati a 18 yakan sa na kusa da kai su yi tsaki, amma dila mai 9 ko 10 ya fi yawan ƙarewa a 19 ko 20, kuma sha takwas ɗinka ba ta isa ba. As da 8 ko 9 ka tsaya.

A tagwaye, As biyu da 8 biyu kullum a ware su. As biyu tare 12 ce mara daɗi, a ware kowane ya zama mafarin 11. Ka sani dai yawancin gidaje kati ɗaya-ɗaya kawai suke ba As da aka ware, kuma idan goma ta faɗo a kansa 21 ce ta gama-gari, ba a biyan ta 3 da 2. Takwas biyu 16 ce, mafi munin hannu, kuma ko a kan goma warewa ta fi rage asara, duk da cewa zuba ƙarin kuɗi a irin wannan hali yana da ɗaci. Goma biyu ba a ware su, 20 ta riga ta yi kyau. Biyar biyu ma ba a ware su, a buga su a matsayin 10. Sauran: 2 biyu da 3 biyu da 7 biyu a ware a kan 2 zuwa 7, 6 biyu a kan 2 zuwa 6, 4 biyu a kan 5 da 6 kawai, 9 biyu a kan 2 zuwa 6 da 8 da 9, a tsaya a kan 7 da 10 da As. Dalilin tsayawa a kan 7 shi ne dila ya fi yawan ƙarewa a 17, kai kuma 18 gare ka.

Ba sai an haddace duka a rana ɗaya ba. Ana sayar da ɗan kati mai ɗauke da wannan jadawali a shagunan gidajen cacar kansu, kuma yawancinsu suna barin mutum ya duba shi a teburi muddin bai jinkirta wasa ba. Waya ce ba a yarda a ɗora a teburi ba.

Inshora da zubin gefe

Idan dila ya buɗe As, zai tambaya ko akwai mai son inshora. Sunan yana ruɗarwa. Sabuwar caca ce dabam, a kan ko katinsa na kife goma ne, ana zuba har rabin zubin farko, ana biyan ninki biyu. Ɗauka ka zuba dala 20, inshora dala 10. Cikin sau 13, sau 4 goma ce, ka ci 20 kowane, jimilla 80. Sau 9 ba goma ba ce, ka rasa 10 kowane, jimilla 90. Asarar dala 10 ke nan a kan 130, fiye da kashi 7 cikin 100, ninki goma sha wani abu na ribar gida a ainihin wasan. Kyawun hannunka bai canja wannan lissafi ba, hasali ma mai goma biyu a hannu ya rage yawan goman da ake fata. Idan kai ma blackjack gare ka, za a yi maka tayin a biya ka dala 20 nan take maimakon jira. Inshorar ce dai da wani suna: idan ka ƙi, sau 9 cikin 13 za ka karɓi 30, matsakaicinsa ya ɗan haura 20. Ƙananan da'irori da ke gefen ta zubi, na yin caca a kan tagwaye ko haɗuwar katuna uku, su ma ribar gida a cikinsu ta ninka ta wasan sau da yawa.

A gidaje da yawa na Turai dila ba ya ɗaukar katinsa na biyu sai kowa ya gama wasa. Ke nan kana iya ninkawa ko warewa, sannan blackjack ya fito masa ya kwashe duka. A irin wannan teburi ka daina ninka 11 a kan goma, ka daina ware 8 biyu a kan goma ko As, ka daina ware As biyu a kan As. Ka tambaya tun farko ko zubin farko kawai ake ɗauka a wannan hali, don wasu gidajen haka suke yi, kuma a nan dabarar Amurka tana nan yadda take.

Kuɗi, da abin da ke lalacewa

Mai bin dabara ba kuskure yana cin kusan hannu 42 cikin 100, ya rasa 49, ya yi kunnen doki a 9. Da zubin dala 25, hannu 70 a awa, kuɗin da ya ratsa teburi dala 1,750 ne, matsakaicin asararsa wajen dala 9 a teburi mai kyau, fiye da 30 a na 6 da 5. Amma a awa guda hawa ko sauka na dala 240 abu ne na yau da kullum, kuma wannan kai-komon ne yake ɓoye asarar, kamar tulu mai yoyo da ake ta ɗiba ana ƙarawa, ba a ganin ragin sai an daɗe. Wanda ya ci yau sai ya zaci ya iya, wanda ya rasa sai ya zaci gobe tasa ce. Katuna ba su san abin da ya faru a hannun baya ba. Saboda wannan kai-komo, wanda ya zo da ƙasa da ninki 30 zuwa 40 na zubinsa yana iya ƙarewa kafin awa biyu ba tare da ya yi kuskure ko ɗaya ba, kuma dole a bar abin ninkawa da warewa, tunda hannu ɗaya yana iya neman zubi uku ko huɗu.

Tsarin ninka zubi bayan kowace asara ya halaka mutane da yawa, don a ido kamar ba ya faɗuwa. Fara da 10, sai 20, 40, 80, 160, 320. Asara shida a jere dala 630 ke nan, zubi na gaba 640, alhali teburin dala 10 sau da yawa iyakarsa 500 ce. Asara shida a jere kuwa tana faruwa kusan sau ɗaya cikin 40 da aka fara jerin, duk don neman ribar dala 10. Babu tsarin zubi da ke canja ribar gida. Giyar kyauta da ake zagayawa da ita a gidajen Las Vegas tana cikin lissafinsu, haka injin cirar kuɗi da ke kusa da tebura. Wanda ya ga ya fara bin asara da kuɗin haya ko na bashi, matsalarsa ta wuce dabara, kuma a ƙasashe irin su Ingila akwai tsarin da mutum zai sa a hana shi shiga gidajen caca da kansa.

Akwai kuma camfin cewa mai kujerar ƙarshe, wanda ke wasa dab da dila, yana ɓata teburi idan ya ja katin da zai ƙona dila. Ba wanda ya san katin da ke tafe, kuma kuskurensa yana taimakonka daidai yawan yadda yake cutar da kai. Mutane suna tuna ranar da ya cuce su ne kawai. Mai koyo dai gara ya guji wannan kujera don kunnensa ya huta.

Hanya ɗaya da aka tabbatar tana juya rinjayen ita ce ƙirga katuna. A tsarin da ya fi shahara, wanda Harvey Dubner ya gabatar a 1963, kowane 2 zuwa 6 da ya fita ana ƙara ɗaya, kowace goma ko As ana rage ɗaya, 7 zuwa 9 ba a lissafa su, sannan a raba jimillar da yawan fakitin da ya rage a akwati. Idan lambar ta hau, manyan katuna sun yi yawa a ragowar, sai a ƙara zubi. Ribar ƙwararre ba ta wuce wajen kashi 1 cikin 100 ba, tana buƙatar jari mai yawa da ɗaruruwan awoyi, kuma ba ta aiki sam a teburi mai injin da ke cakuɗawa ba tsayawa. Ƙirgawa da ka ba laifi ba ne a Amurka, amfani da na'ura ne laifi. Amma a Nevada gida yana da ikon hana mutum wasa. A New Jersey kotun ƙolin jihar ta yanke a 1982, a shari'ar Ken Uston, cewa gidajen Atlantic City ba za su kori mai ƙirga ba, sai suka koma yawan cakuɗa katuna da taƙaita zubi.

Idan za ka tashi, ka jira zagaye ya ƙare, ka tura sulallanka gaban dila a wajen da'irar zubi, ka ce ya haɗa maka su zuwa manya. Zai ƙirga a gabanka, kai ma ka bi da ido kafin ka ɗauka. Ba a mayar da sulalla kuɗi a teburi, sai a wurin mai biyan kuɗi na gidan, kuma idan adadin ya yi yawa za a nemi katin shaidarka.